Yadda ake shuka furen Edelweiss a tukunya ba tare da ya ruɓe ba

Duk wanda na ga ya kashe wannan fure, gata ne ya yi masa yawa. Edelweiss ɗan dutse ne. A tsaunukan Alps na Siwizalan da Ostiriya da Italiya yake fitowa, a tsayin mita 1,800 zuwa 3,000, cikin tsaguwar duwatsu inda ruwan sama ba ya kwanciya. Dangin latas da shuwaka ne. Farin abin da ke kansa mai siffar tauraro da gashi kamar auduga ganye ne, ainihin furannin su ne 'yan kawunan nan masu ruwan ɗorawa da ke tsakiya.

Wannan bayani na 'yan uwa mazauna Turai ne. In kana Kano ko Damagaram, kada ka ɓata kuɗinka, zafin bazara zai gama da shi.

Da farko, sayi iri a shago, ba shi da tsada. Kada ka tumɓuko a dutse, doka ta hana.

Na biyu, gauraya irin da yashi mai ɗan danshi, ka ƙulle a leda, ka sa a firiji mako uku zuwa huɗu. Ya fi tsirowa idan ya sha sanyi.

Na uku, ƙasa, kuma a nan ake faɗuwa. Shekarata ta farko na zuba masa taki kamar mai shuka tumatir, ina ban ruwa safe da yamma. Ya yi tsawo, ya yi kore shar, farin gashin ya ragu. Da ruwan hunturu ya sauka sai ya langaɓe. Na ciro shi na tarar saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar dafaffen zogale, tana wari. Yanzu rabin tukunyata tsakuwa ce da yashi mai kauri, sauran ƙasar lambu, sai ɗan dakakken ɓawon ƙwai. Taki kuwa ko ɗigo ba na sawa. Tukunyar yumɓu mai huda a gindi kawai nake yarda da ita, ta roba tana riƙe ruwa.

Barbaɗa irin a sama ka danna da yatsa, kada ka binne, yana son haske. Ka riƙa fesa ruwa kaɗan har ya tsiro. Bayan nan, sai ƙasa ta bushe za ka ƙara.

Ajiye shi inda rana ke bugawa. Yawanci sai shekara ta biyu yake fure, wajen watan Yuli.