Yadda Ake Zaɓen Mikisar Dijital Don Ɗaukar Waƙa a Kwamfuta

Kafin mai shirin buɗe sitidiyo a Gusau ko Talata Mafara ya fara tambayar farashin mikisa, wato na'urar da ke karɓar sautin makirufo da yawa ta haɗa su wuri guda, ya kamata ya ƙirga mutanen da za su tsaya gaban makirufo a lokaci guda. Idan mawaƙi ɗaya ne zai ɗora murya a kan kiɗan da aka riga aka haɗa a manhajar FL Studio, ƙaramin akwatin shigar da sauti kwamfuta mai kafar soka makirufo biyu irin su Focusrite Scarlett 2i2 ya wadatar, sauran kuɗin gara a zuba su a makirufo mai kyau. Mikisa tana zama dole ne idan aikin na ƙungiya ne, wato mawaƙi da 'yan amshinsa da masu kalangu, ko ɗaliban Islamiyya masu rera ƙasida tare.

Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne yawan kafofin da ke fuskar na'urar. Mikisa tana iya karɓar makirufo goma, amma idan aka jona ta da kwamfuta ta wayar USB sai ta cakuɗa su duka ta tura layi biyu kacal, hagu da dama. Na taɓa ɗaukar wata ƙungiyar makaɗa a Gusau da irin wannan na'ura. A cikin ɗaki komai ya yi daɗi, amma da dare ya yi na zauna sauraro, sai na ji kalangu ya danne muryar mawaƙin a daidai baitin da ya fi ba shi wahala, kuma babu yadda za a yi a rage kalangun ba tare da muryar ta bi shi ba. Haƙuri na ba su, suka sake tahowa daga ƙauye bayan mako guda. Saboda haka a duba takardar bayanin na'urar a ga layi nawa take turawa kwamfuta daban-daban. Yamaha MG10XU, wadda asalinta ma ba ta dijital ba ce, biyu take turawa. Behringer XR18 tana tura 18, ita kuwa X32, wadda ta fito a 2012, tana tura 32. A yi hattara da ƙannen XR18, wato XR12 da XR16, domin duk da kamar da suke yi da ita, layi biyu kawai suke ɗauka, shi ma a kan filas.

Wajen ƙirga kafofi, a ware ɗaya don mawaƙi, biyu ko uku don 'yan amshi, ɗaya ga kowane makaɗi, sannan a ƙara biyu na ko-ta-kwana. A tabbatar kafofin suna ba da wutar bolt 48, wadda makirufon kondensa ba ya aiki sai da ita. A kuma duba yawan mafitar abin sauraro na kunne, domin mai kalangu yana son jin mawaƙi sama da kowa, mawaƙi kuma yana son jin amshi. Zoom LiveTrak L-12 tana da irin wannan mafita guda biyar, kowacce da nata haɗin sautin.

Batun maɓallan turawa kuwa, waɗanda ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ko rage sauti, ya danganta da hannun mai aiki. XR18 ba ta da su sam, da wayar hannu ko kwamfuta ake sarrafa ta, kuma ni ina ganin wanda zai riƙa ɗaukar makaɗa kai tsaye ya fi samun natsuwa da na'urar da yatsunsa za su taɓa, irin su Allen & Heath Qu-16. Mai amfani da Windows ya shiga shafin kamfanin ya ga ko akwai manhajar ASIO, mai haɗa na'urar sauti da kwamfuta, da ta dace da kwamfutarsa, domin rashinta ne ke sa mawaƙi ya ji muryarsa tana dawo masa a makare. Ɗauka a kan ma'aunin ingancin sauti na 48 kHz da bit 24 ta ishi waƙa da bidiyo, ba sai an biya kuɗin abin da ya haura haka ba.

Sai kuma yanayin ƙasarmu, wanda takardar bayani ba ta ambata. Mikisar dijital kwamfuta ce a cikinta, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya tafiya da abin da aka ɗauka, shi ya sa kuɗin inbata ko UPS da sitabilaiza ya kamata su shiga lissafi tun farko, musamman ga mai dogaro da janareta. Na'urar da ke ɗauka a katin SD a lokacin da take tura sauti kwamfuta tana ba mutum kwafi na biyu. Ƙaramar Zoom L-8 har da batirin AA huɗu tana aiki, abin da zai amfani mai zuwa ɗaukar makaɗa a wurin da babu wuta. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan maɓallan turawa, zafin bazara kuma yana wahalar da na'ura a ɗakin da aka toshe don hana ƙara, don haka a tanadi mayafin rufewa da wurin da iska ke ratsawa.

Ranar saye, ko a Kano ne ko a kasuwar Alaba ta Legas, musamman idan ta hannu ce, a tafi da kwamfutar da za a yi aiki da ita da makirufo ɗaya da wayarsa. A jona, a buɗe manhajar ɗauka, a ƙirga layukan da suka bayyana, sannan a soka makirufon a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga ƙarfinta ana kasa kunne ko za a ji tsaki ko gurnani. A bar ta a kunne kamar rabin awa a sake gwadawa, domin wata matsalar ba ta fitowa sai na'ura ta ɗauki zafi, kuma kada a miƙa kuɗi sai kafa ta ƙarshe ta amsa.