Yadda Za a Sabunta Dokar Gine-gine Domin Ruwan Sama Ya Samu Mazauni a Garuruwanmu

Tsarin da aka saba da shi a hedikwatocin ƙananan hukumomin Kano da Jigawa shi ne a gina lambatun siminti domin a kori ruwan sama daga gari cikin sauri, amma ruwan da aka kora daga wata unguwa yakan sauka ne a unguwar da ke gangare, ko a gonakin da ke bayan gari, inda yake yanka kwazazzabo. Sabuwar doka ya kamata ta tsaya a kan cewa kowane fili zai riƙe wani kaso na ruwan da ya zubo a kansa, ya bar ƙasa ta shanye, sai ragowar ta bi magudana.

Kafin a rubuta komai, sai a tantance wanda yake da iko. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanan ruwa da kula da su da kwashe shara, dokar amfani da filaye ta 1978 kuma ta bar filayen da gwamna ya ayyana a matsayin birni a hannunsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu. Saboda haka majalisar kansiloli za ta iya yin tata dokar, amma wajibi ne ta daidaita ta da ƙa'idojin jiha, kamar na KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, don kada takarda ta ci karo da takarda.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne zagayen gari a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama. Ma'aikatan sashen ayyuka su fita tare da dagaci da masu unguwanni da dattawan da suka san inda ruwa yake bi tun kafin gari ya faɗaɗa, su sa alama a taswira a kan kowane kududdufi da fadama da tsohuwar hanyar ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Kududdufan nan an haƙa su ne don samun ƙasar gini, amma sun daɗe suna riƙe ruwan unguwanni, kuma cike su da shara ana yanka fuloti a kai na daga manyan dalilan da ke sa ruwa shiga ɗakuna. Doka ta ayyana su a matsayin wuraren al'umma da ba a sayarwa, ta ware tazara a gefensu da ba a gini, ta kuma faɗi wanda zai riƙa yashe su da rani. A ganina, idan wannan sashe kaɗai aka iya aiwatarwa, an ci rabin aikin. Sai dai kududdufi yana da haɗarinsa, domin yara kan faɗa ciki kuma sauro kan hayayyafa, don haka dole a tanadi shinge da gefe mai gangara a hankali, a hana zuba ƙazanta.

Daga nan sai batun awon igiya. Mai gona da dillali sukan yanka filaye ba tare da barin hanyar ruwa ko fili ko ɗaya ba, kuma da zarar an yi gini gyara ya zama rigima da diyya. Doka ta hana sayar da fuloti kafin a amince da zanen da ya nuna inda ruwa zai bi da inda zai taru, ta kuma hana mai unguwa sa hannu a takardar cinikin da ba ta cika wannan sharaɗi ba.

A cikin gida kuwa lissafi ne zai gamsar da magidanci. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai zubar da lita 5,000 idan aka yi ruwa mai milimita 50, wato cikin duro 25 masu lita 200. Ana iya sharɗanta cewa indararo ya zuba a tanki ko a ramin da aka cika da tsakuwa, kuma a bar wani yanki na tsakar gida ba tare da daɓen siminti ba. Girman yankin ya danganta da ƙasar wurin. A jigawa mai yashi ruwa yakan nutse da wuri, amma a ƙasar laka irin ta Auyo da Kirikasamma da Guri, inda kogin Haɗeja ke cika yana tumbatsa kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, ramin shanye ruwa ba zai yi amfani sosai ba, abin da ya dace can shi ne ɗaga harsashin gini da hana gini a bakin fadama. Ramin kuma ya yi nesa da masai da rijiya da jikin katangar ƙasa, domin danshi yana kayar da ita.

Kasuwanni da tashoshin mota da gidajen mai su ne suka fi shimfiɗa siminti, don haka sharaɗinsu ya fi tsauri: itatuwa irin su darbejiya, da intalok mai barin ruwa ya ratsa, da wurin raba mai da ruwa kafin ruwan ya fita.

Idan daftari ya kammala, a karanta shi da Hausa a fadar hakimi da masallatan Juma'a, a saurari magina da dillalai da mata, waɗanda su ne ke kwasar ruwa idan ya shiga ɗaki. Gidajen da aka riga aka gina a ba su wa'adi mai sauƙi, tarar kuma ta fi nauyi a kan mai yanka fili fiye da talakan da ya saya. A sa a cikin dokar cewa za a yashe magudanai da kwalbatoci kafin watan Yuni, bayan an duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da na NIHSA, mai hasashen ambaliya, sannan a sake bitar taswirar a ƙarshen kowace damina, a ƙara duk wurin da ruwa ya kwanta.