Yadda za ka yi maganar mutuwa da iyayenka tun suna raye, da abin da za ka yi musu bayan sun tafi

Ranar sadakar ukun Baba muna zaune a ƙofar gida kan tabarmi ana ta "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", sai wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ja ni gefe ya ce yana bin marigayi kuɗin masara buhu shida tun bara, babu takarda babu shaida, shi da shi suka yi. Wallahi na rasa abin cewa. Yayanmu ya ce a biya, ƙanin Baba ya ce sai ya rantse, Hajiya kuma tana ɗaka ta shiga takaba ba ta san komai a kai ba. Daga ƙarshe dai mun biya, amma abin da ke ci min rai har yau shi ne wata bakwai Baba ya yi yana jinya, ni nake kai shi asibiti, mun yi hirar siyasa mun yi ta tsadar taki, amma ko sau ɗaya ban iya buɗa baki na ce "Baba akwai wanda yake bin ka?" ba. Kunya ce kawai, da tsoron kar ya ce na fara masa fatan mutuwa.

To idan naka iyayen suna raye, kar ka jira sai an kwanta ciwo. Mara lafiya da zarar ka taso masa da zancen wasiyya gani zai yi likita ya faɗa muku wani abu kuna ɓoye masa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne suna garau, misali kun dawo daga jana'izar wani a unguwa jikin kowa ya yi sanyi, ko kuma lokacin shirin tafiya Hajji ko Umara, don dama al'adarmu ce maniyyaci ya zaga neman gafara ya faɗi abin da ke kansa, ba wanda zai ga baƙon abu.

Kuma ka fara da kanka. Wannan dabarar ita ta yi min aiki da Hajiya daga baya. Na zauna gabanta na ce "Hajiya ga wata takarda na rubuta, wanda nake bi da wanda yake bi na, da inda takardun filina suke, ki ajiye min don rai ba a bakin komai yake ba." Ta yi min faɗa, ta ce in daina wannan bakin, ai ita ya kamata in binne. Na yi shiru. Bayan kwana biyu da kanta ta kira ni ta ce in zo da biro. Ashe akwai sarƙar wata ƙawarta da aka ba ta ajiya sama da shekara goma tana cikin adakarta, da ta faɗi ta mutu da mun raba a gado mun ci haram ba mu sani ba.

In tsohon mai son hujja ne, hujja tana nan. Hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Ga hadisin Tirmizi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Sai dai ka ji, ba wa'azi ka je yi wa ubanka ba, ka kawo shi kamar kai ma jiya ka ji a karatu abin ya tsorata ka.

Abin da za ka tambaya, bashi ne kan gaba, na kuɗi da na kaya, wanda ake bin sa da wanda yake bi. Sai amana da ajiyar mutane, sai adashe in yana ciki da sunan uwar adashen, sai gonakin da aka bayar jingina ko aro, don nan ne rigimar dangi ta fi yawa, gona ta yi shekara ashirin a hannun ɗan'uwa har 'ya'yansa su tashi suna ganin ta ubansu ce. Ka tambayi ko akwai ragowar sadaki da bai cika ba, shi ma bashi ne, da zakkar da bai fitar ba. Idan ya taɓa ba wani ɗa ko mata kyautar gida ko fili, a rubuta a sa shaidu yanzu, kuma wanda aka ba ya karɓa a hannunsa, in ba haka ba ranar rabo za a ce ba a san zancen ba. Wasiyya kuwa iyakarta sulusi, kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai tsoho ya ce na bar wa autana gidan nan bayan raina, ya tafi ya bar yaran da shari'a.

Akwai kuma na zamani da iyayenmu ba sa kawowa a rai. Bankuna nawa yake da asusu, har da irin su Opay da Moniepoint da ke cikin waya kawai babu wata takarda, wane kamfanin fansho ne ke riƙe da kuɗinsa in ma'aikaci ne, ina takardun fili suke. Ba sai ya ba ka lambar sirri ba, kar ma ka nema don kar zargi ya shigo, ya rubuta ya rufe a ambulan ya ba wanda ya yarda da shi. Sannan ku sani sunan da mutum ya sa a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ba shi ke sa kuɗin su zama na makusancin ba, kuɗin na magada ne duka, kuma banki sai ya ga takardar shaidar mutuwa da takardar kotu kafin ya saki. Takardar mutuwar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ku nema da wuri tun rahoton asibiti bai ɓace ba.

Wani abu da na yi da Hajiya wanda ban samu yi da Baba ba, na kunna rikoda a waya ina tambayarta labarin gidansu, sunan kakanninta, yadda aka kawo ta Kano amarya, waye muke da zumunci da shi a ƙauye ta wane ɓangare. Tana ba da labari tana dariya, can sai ta faɗi wanda take so ya yi mata wanka da wadda ba ta so ta taɓa ta. Ta hira aka samu, da na tambaya kai tsaye ba za ta faɗa ba.

To idan rai ya yi halinsa fa.

Jerin yadda ake taɓa dukiyar mamaci sananne ne, a yi masa sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya rage a raba gado. Sanarwar nan da ake yi a wajen jana'iza cewa duk mai bin marigayi ya zo ya samu wane, kar ta zama ta baki kawai, a ba da lambar waya, a ware mutum ɗaya da littafi. Wasu masu bin bashin kunya ke hana su zuwa, musamman mai kanti na unguwa da mai nama, ku ku je ku same su.

Zaman makoki kuma mun juya shi. Lokacin da Ja'afar bn Abi Ɗalib ya yi shahada, cewa Annabi (SAW) ya yi a dafa wa iyalinsa abinci don abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Mu yanzu gidan mutuwa ne ke ɗora tukunya, a yi hayar rumfa da kujeru, matar da mijinta ya mutu jiya ana tambayarta ina makullin sito. In maƙwabcinka ne aka yi wa rashi kai ka kai kwano, ka yi ta'aziyya gajera ka tashi. Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun saɓa, 'yan Izala na cewa ba ta da asali, 'yan ɗariƙa na yi a matsayin addu'a da sadaka, ni dai ba zan raba wannan gardamar a nan ba kuma bai kamata a yi ta a kan tabarmar makoki ba. Abin da na tsaya a kai shi ne in za a yi, kar a ɗiba daga dukiyar gado muddin akwai marayu ƙanana, mai so ya ciro daga aljihunsa.

Kar a ja rabon gado. "A bari ƙasa ta bushe" shi ke komawa shekara goma, wasu magadan su mutu, lissafi ya cakuɗe. A kira malamin da ya san fara'id ko a je kotun shari'a, a ba mai takaba tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya, rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, in babu, a ba mata rabonsu na gona da gida kar a ce wai za su kai gidan miji. Takabar wata huɗu ce da kwana goma, mai ciki kuma haihuwa ce ke fitar da ita. Kwanakin farko gida cike, bayan sati biyu sai ka ga ba kowa, to lokacin ne ya kamata a riƙa leƙa ta.

Yara kuma don Allah a daina ce musu Abba ya yi tafiya ko ya tafi Makka. Ɗiyar ƙanwata wata uku tana tsayawa a bakin ƙofa duk ta ji ƙarar mashin, ran da wata yarinya a Islamiyya ta faɗa mata gaskiya ta daina yarda da maganar uwarta. A faɗa musu daidai hankalinsu, Abba ya rasu, Allah ya karɓi abinsa, ba zai dawo ba amma addu'armu tana isa gare shi, zo mu yi masa. Kuka ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yaga kaya aka hana.

Sai abin da zai bi shi kabari. Hadisin Muslim ya ambaci uku, sadaka mai gudana, ilimi da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Sa'ad bn Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi aka ce masa ruwa. Amma ba sai kana da kuɗin rijiyar burtsatse ba, kuma na sha ganin wadda aka kafa da katon allo ɗauke da sunan marigayi bayan shekara famfon ya lalace ba mai waiwaya. Gyara wadda ta mutu a unguwarku ya fi sauƙi, ko randa a ƙofar gida, ko dasa darbejiya, ko ɗaukar kuɗin makarantar maraya ɗaya. Masu haƙar kabari ma mutane ne da ake mantawa da su, ka je irin makabartar Dandolo ta Kano ka ga tsofaffin da ke wannan aikin, ka kai musu diga da shebur ko ɗan abin cefane, da damina ka shiga aikin gayyar cike kaburburan da suka rufta.

Wanda aka fi sakaci da shi shi ne abokan mamaci. Ibn Umar ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakinsa da rawaninsa, da aka yi mamaki ya ce uban mutumin nan aminin Umar ne. Annabi (SAW) kuma bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Ni yanzu duk sallah ina zuwa majalisar su Baba in gaishe su, kuma a nan na ji labaransa da ban taɓa ji a gida ba, har da yadda ya yi shekaru yana biya wa wani almajiri kuɗin magani ba wanda ya sani.

Hoto a sitatus da "Allah ya jiƙan Baba" ba laifi, mutane za su ce amin, amma hoton gawa ko na gadon asibiti bai dace ba, shi ma yana da mutunci. Layin wayarsa kuma in an bar shi ba a amfani kamfani zai sake sayar wa wani, alhali shi ke haɗe da asusun bankinsa, don haka ku riƙa sa masa kati har a gama da banki da fansho. Kafin nan ku kwashe saƙonnin muryarsa na WhatsApp ku tura wa juna. Ni guda ɗaya na samu ta Baba, daƙiƙa goma sha ɗaya, yana cewa in taho da lemo in zan dawo.