Yadda za ka bi sawun jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus da wayarka: abin da U-12 ya koya mini

Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma ban taɓa ganin teku da idona ba. Abin da ya ja ni cikin wannan harka suna ne kawai. Ina shirya darasin Yaƙin Duniya na Ɗaya sai na ci karo da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna HMS Niger, wanda aka raɗa wa sunan kogin da muke kira Kwara. An ce wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-12, ya nutsar da shi a 1914. Na yi sauri na kwafo bayani, na shiga aji na rubuta a allo cewa U-12 ya taka nakiya ya halaka a 1939. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, shekara 25 ke nan jirgin yana cikin ruwa bai yi tsatsa ba?” Aji ya fashe da dariya. Gaskiyarta. Jirage biyu na haɗa wuri guda. Daga wannan kunyar na koyi yadda ake aikin, ga shi kuma zan ba ka.

Abin da za ka fara yi shi ne tabbatar da wane jirgi ake magana. Jamusawa ba sa raɗa wa waɗannan jirage suna, lamba suke ba su, lambar kuma ana maimaita ta kamar sunan Musa a unguwa. Akwai U-12 na zamanin Sarki Wilhelm na Biyu, shi ne namu. Akwai U-12 na zamanin Hitila, wanda ya ɓace a mashigin Dover a Oktoban 1939, shi ne ya kunyata ni. Daular Austiriya da Hangari ma tana da nata U-12 da ya nutse kusa da Venice a Agustan 1915. Ga kuma UB-12 da UC-12, waɗanda iri ne daban. Saboda haka in za ka nema a intanet, ka sa haruffan SM a gaba, ka rubuta SM U-12. Haruffan taƙaicen “na Mai Martaba” ne da Jamusanci. Amma kada ka tsaya nan, domin na Austiriya ma SM yake ɗauke da shi. Sai ka haɗa da inda aka ƙera jirgin da shekarar. Namu a Danzig aka ƙera shi, garin da yau ake kira Gdansk a Poland, aka sa shi a ruwa a 1910, ya fara aiki a 1911. Duk shafin da ya ba ka wani gari ko wata shekara, rufe shi.

Sai ka ɗauki takarda, ta gaske, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. Hagu kwanan wata, dama abin da ya faru, kuma a gefen kowane layi ka rubuta inda ka samo shi. Ni bayan tsohuwar kalanda na yi amfani da shi, har yanzu yana manne a bangon ɗakina. Shafin uboat.net yana da sashen Yaƙin Farko, ya isa ya ba ka ƙashin bayan labarin: kwamandoji, jiragen da aka nutsar, ranar ƙarshe. Ka ɗauke shi a matsayin mafari kawai.

Kafin ka shiga labarin yaƙin, ka tsaya ka fahimci injin. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali a nan dalilin halakarsa yake. U-12 ɗan gidan U-9 ne, jirage huɗu ne masu ƙira ɗaya, daga U-9 zuwa U-12. Tsawonsa kimanin mita 57, mutum 29 ne a ciki, da topido shida, wato makamin nan mai gudu cikin ruwa ya fasa cikin jirgi. Ba dizal yake sha ba. Kananzir yake ƙonawa a injinan kamfanin Körting, domin sai daga U-19 Jamus ta koma dizal. Wanda ya taɓa zama kusa da risho mai lalatacciyar lagwani ya san sauran zancen. Da rana farin hayaƙi yake turnuƙewa ta wani dogon bututu, ana hango shi daga nesa, kuma kafin jirgin ya nutse sai an kwantar da bututun. Sannan ka cire wa ranka hoton jirgin da ke yini a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan na farkon a saman ruwa suke yawancin tafiyarsu. Nutso na ɓuya ne ko na kai hari, da batir ake yinsa, gudun ya ragu zuwa kusan rabi, batirin kuma ba ya daɗewa. In ya yi sanyi dole a taso a yi caji, da an taso kuwa hayaƙi ya tona asiri.

Duk da haka ba abin rainawa ba ne. Yayansa U-9, ƙarƙashin Otto Weddigen, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, a safiyar 22 ga Satumba 1914, mutum sama da 1,400 suka mutu. Ka sa wannan a takardarka ko da ba na U-12 ba ne, domin shi zai nuna maka dalilin da ya sa Ingila ta tashi haiƙan kan waɗannan ƙananan jirage.

Yanzu ka bi kwamandoji, ka daina bin lamba kaɗai. A farkon yaƙin Walter Forstmann ne ke riƙe da U-12. Shi ne ranar 11 ga Nuwamba 1914 ya harbi HMS Niger a gaban garin Deal da ke gaɓar Kent, kusa da tudu har mutanen gari suna kallo. Niger tsohon jirgi ne ƙarami, tan 810, an riga an mai da shi mai sharar nakiyoyi. Ba wata babbar ganima ba ce, amma harbin a bakin ƙofar Ingila aka yi shi.

Bin sunan Forstmann ne ya kai ni ga ɓangaren da na fi so. A Janairun 1915, a tashar Zeebrugge ta Beljiyam wadda Jamus ta mamaye, shi da wani matuƙin jirgin sama, Friedrich von Arnauld de la Perière, suka yi wata dabara. Suka ɗora ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa, samfurin Friedrichshafen FF.29, a kan goshin U-12, suka fita da shi teku. A can sai aka ɗan nutsar da goshin, jirgin saman ya yi iyo da kansa, ya tashi, ya yi shawagi ya koma Zeebrugge. Karon farko ke nan da jirgin sama ya tashi daga bayan jirgin ƙarƙashin ruwa. Manya a Berlin ba su ga amfanin abin ba, aka bar shi nan. Ka kula da sunan matuƙin, akwai tarko: ɗan’uwansa Lothar shi ne kwamandan U-35 da ya fi kowa nutsar da jirage a yaƙin, kuma shafuka da dama suna cakuɗa su. Forstmann kansa ya koma U-39 ya zama na biyu bayan Lothar. Wato ba ya cikin U-12 ranar ƙarshe. Hans Kratzsch ne ya gaje shi, makonni kaɗan kafin ajali.

Ranar nutsewa ita ce wurin da za ka fi yin taka-tsantsan, kuma dole ka ji daga bakin ɓangarori biyu. Jamus ta ayyana tekun da ke kewaye da Birtaniya fagen yaƙi daga 18 ga Fabrairu 1915. A farkon Maris U-12 yana sintiri a gabashin Scotland. Jiragen masunta da aka sa aikin gadi suka yi ta hango shi suna kai rahoto, aka kwana ana farautarsa. Ka tuna hayaƙin nan da batirin nan. Safiyar 10 ga Maris jiragen yaƙi uku masu gudu, Acheron da Attack da Ariel, suka rutsa shi. Ya yi ƙoƙarin nutsewa, Ariel ta hango madubin leƙensa ta bi ta kansa da ƙarfi. A lokacin ba a fara amfani da bam ɗin da ake jefawa ya fashe a zurfi ba, karo da goshi shi ne babban makami. U-12 ya taso a lalace, aka buɗe masa wuta, ya nutse. Mutum 10 aka tsamo, 19 suka tafi da shi, har da Kratzsch. Ita ma Ariel goshinta ya lotse, sai janta aka yi zuwa tashar Leith a Scotland.

Jaridun lokacin suna da amfani, kuma na Ostireliya da New Zealand kyauta ake karanta su a shafukan intanet na Trove da Papers Past. Sai dai kada ka yarda da bugun rana ta farko. Sanarwar farko ta hukumar sojan ruwan Ingila cewa ta yi U-20 aka nutsar, daga baya aka gyara. U-20 kuwa yana nan da ransa, shi ne ya nutsar da babban jirgin fasinja Lusitania ranar 7 ga Mayu, wata biyu bayan an ce ya mutu. Kullum ka duba bugun kwana biyu ko uku da suka biyo baya.

Waɗanda suka tsira ma suna da labari, kada ka yar da su a bakin ruwa. An haɗa mutum 10 na U-12 da 29 na U-8, wanda aka nutsar kwana shida kafin nan. Winston Churchill, da ke shugabantar hukumar sojan ruwa, ya sa aka ware su a gidan horon soja, ba a ɗauke su kamar sauran fursunonin yaƙi ba. Jamus ta rama, ta ɗebo hafsoshin Ingila 39 daga sansani ta kulle. Ka lissafa da kanka, 29 da 10. Sai da Arthur Balfour ya karɓi kujerar aka soke tsarin a watan Yuni.

In kana son zurfafawa, asalin takardun Ingila suna ma’ajiyar ƙasa da ke Kew a Landan, na Jamus kuma a ma’ajiyar soja ta Freiburg. Ni ban je ko ɗaya ba, albashin malami bai kai nan ba, amma kundin jerin takardun Kew a buɗe yake a intanet, kana iya ganin abin da ke akwai. Sunayen matattu kuma suna kan allunan tagulla a Möltenort kusa da Kiel.

Layin ƙarshe a takardarka na gawar jirgin ne. Wurin da rahoton yaƙi ya nuna ba lallai ne ya zama daidai ba, domin da taswira da ƙiyasi ake auna wuri a lokacin. An shafe shekaru ana neman U-12 kafin wasu masu nutso ’yan Scotland, Jim MacLeod da Martin Sinclair, su gano shi a Janairun 2008, kimanin mil 25 daga garin Eyemouth, a zurfin da ya kusa mita 50. Kabari ne na mutum 19, ana kallo ba a taɓawa. Da na koma wancan ajin na kai kalandar tawa, na miƙa wa yarinyar nan alli na ce ta zo ta rubuta shekarar da hannunta. Ta rubuta 1915, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.