Kurakuran da mutanenmu ke yi a matsirgar ruwan tsibirai

Kuskure na farko tun daga gida ake yinsa, wajen zaɓen lokaci. Mutum ya ga Disamba hunturu ne a Katsina, sai ya ɗauka ko'ina rani ake. A tsibirin Bali na Indonesiya damina ke nan, daga Nuwamba zuwa Maris. A tsibirin Morishiyos ma lokacin ruwa da guguwa ne. Mai son ruwa garau da hanya busasshiya ya tsara tafiyarsa tsakanin Mayu da Satumba.

Wani kuskure mai kashe mutane shi ne duba sararin sama kawai. Ruwan matsirga daga kan duwatsu yake gangarowa, sai a tafka ruwa can sama alhali inda kake rana ake ƙwallawa. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ya san ruwa ba ya sallama. Idan ruwan ya fara komawa ja, ko ka ga ganye da itace suna tahowa, ko rugugin ya ƙaru, fita nan take ka hau tudu. Kada ka tsaya ɗauko jaka, kada kuma ka bi kwarin zuwa ƙasa.

Sai takalmi. Duwatsun wurin gansakuka ta rufe su, silifas kuwa santsi yake ƙarawa. A sa kambas mai ƙasan roba da igiya. Saukar zuwa matsirgar Sekumpul a arewacin Bali matakala ce ɗaruruwa, ga tsallake rafi. Doguwar riga ko dogon hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, suna harɗe ƙafa. Wando da riga mara nauyi sun fi, a riƙe na canji cikin leda.

Iya iyo a kududdufi ko dam ɗin Ajiwa bai isa a shiga gindin matsirga ba. Ruwan da ke faɗowa yana juyawa ne a ƙasa, ya ja mutum ya danne shi, ga duwatsu a ɓoye. Tsalle daga sama ganganci ne. Wasu wuraren ma, kamar matsirgar Shamarel ta Morishiyos mai tsayin kusan mita 100, kallo ake yi daga dandamali.

Kada a sha ruwan, kada a shiga da ciwo a ƙafa: fitsarin ɓera da ke shiga ruwan na iya ɗauke da cutar leftosfirosis. Idan zazzaɓi ya taso bayan mako ɗaya ko biyu, kada a tsaya kan maganin maleriya, a gaya wa likita an shiga ruwan rafi.