Kurakuran da masu koyon hoto ke yi wajen bin sawun magabata

Duk wanda ya ɗauki harkar hoto da gaske ba ya daɗewa sai ya ci karo da aikin Seydou Keïta ko na Malick Sidibé, masu ɗaukar hoto na Bamako a ƙasar Mali, sai ya ji shi ma irin nasu yake son yi. Niyyar mai kyau ce. Sai dai akwai wuraren da nake ganin matasa suna tuntuɓe kullum.

Wanda ya fi yawa shi ne a ɗauki hoto yadda aka ga dama, a mayar da shi fari-da-baƙi da filta, a ɗauka an kamo sirrin. Fari-da-baƙi fim ɗin da ake sa wa kyamara a zamanin ne kawai. Ƙarfin hotunan Keïta daga haske yake. Ya buɗe situdiyonsa a 1948, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana. Kai kuwa sai ka tsayar da mutum da rana tsaka, goshi na ƙyalli, ramin ido ya yi duhu, kana jiran filta ta gyara. Ba za ta gyara ba. Shigar da shi inuwar bango ko bakin zaure, inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya, ko ka jira la'asar sakaliya. Idan waya ce a hannunka, taɓa fuskar a allo don kyamara ta auna haske a kanta, domin baƙar fata kusa da farar shadda takan rikita ma'aunin.

Sai yawan dannawa. Fim yana da tsada a lokacin, saboda haka Keïta yakan ɗauki mai zuwa hoto sau ɗaya tak. Wannan ya tilasta masa gama aikin kafin ya danna: inda hannu zai kwanta, yadda za a karkata kafaɗa, yadda zane zai zubo, ko za a riƙe rediyo ko a jingina da babur. A nan ne nake ganin darasin ya fi girma, kuma a nan aka fi sakaci. Mai ɗaukar hoto hamsin a minti ɗaya sa'a yake nema, bai kalli komai ba. Ware rana ɗaya a mako ka ce hoto 12 kawai za ka ɗauka, adadin da nadin fim ɗaya ke bayarwa a kyamarar Rolleiflex. Za ka ga ƙafarka ta fara motsi, kana matsawa kana durƙusawa, maimakon jan zum don kyamara ta jawo abu kusa.

Ƙyallen da ake ratayawa a bayan mutum ma ana kuskure da shi. Keïta ya fara ne da zanen gadonsa, daga baya ya riƙa rataya yadudduka masu zane. Masu kwaikwayo sai su jera atamfa a bayan atamfa, fuska ta ɓace a tsakiya. Matsar da mutum taku biyu daga ƙyallen, sannan ka tabbata abin da ke bayan kansa ya bambanta da fuskarsa a haske.

Wasu kuma sun ji labarin Henri Cartier-Bresson na Faransa, mai yawo da ƙaramar kyamarar Leica yana jiran daidai lokaci, sai su shiga kasuwa suna ɗaukar mutane a ɓoye. A garuruwanmu wannan rashin ladabi ne, musamman ga matan aure, kuma hoton kan fito da fuskoki a ɗaure. Sidibé ya fi dacewa mu duba. Gayyatarsa ake yi wuraren shagalin matasan Bamako a shekarun 1960, an san shi, shi ya sa mutanen cikin hotunansa suka saki jiki. Yi sallama, ka zauna, a gaisa, kyamara ta fito daga baya.

Akwai kuma tsalle-tsalle, yau fure, gobe mota. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya yi shekaru masu yawa a kai har ya tara kusan hoto 1,000. Zaɓi abu ɗaya da ke kusa da kai, marinar Ƙofar Mata ce ko zanen gidajen Damagaram, ka yi shekara kana komawa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ajiya. Duniya ta san Keïta ne a farkon shekarun 1990 saboda ya adana dubban fina-finan hotunansa na asali a akwati. Mu kuwa aikin shekara uku na cikin waya ɗaya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta shi ke nan. Kowane ƙarshen wata kwashe hotunanka zuwa wuri biyu daban, ka rubuta suna da kwanan wata, sannan ka kai guda biyar mafi kyau a wanke maka a takarda.