Matakan rubuta sanarwar ofishin magajin gari da ChatGPT

Ga ma'aikacin ƙaramar hukuma a Garwa, Marwa ko Ngaundere a Kamaru da ke son ChatGPT ko Gemini (manhajojin kwamfuta masu yin rubutu idan an umarce su) ya taimaka masa da daftarin sanarwa:

1. Fara tambayar babban sakataren ofis ko an yarda a yi wannan aikin da shi.

2. Kafin ka rubuta wa ChatGPT ko Gemini komai, cire sunayen mutane, lambar katin shaida, lambar waya, da duk abin da ke cikin rajistar haihuwa, aure ko mutuwa. Abin da ka shigar yana tafiya ne zuwa kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje, ba ka da ikon dawo da shi. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, kuma ko ba doka, amanar talakawa ce a hannunka.

3. Faɗa masa dalla-dalla su wa za su karanta, da wane harshe, layi nawa.

4. Bi daftarin layi-layi da takardun ofis a gabanka. Nan ne aikin yake. Yakan ƙirƙiro lambar doka, kwanan wata ko kuɗin haraji na sefa da babu su, kuma ya rubuta su da cikakken ƙarfin gwiwa.

5. Faransancinsa ya fi Hausarsa da Fulatancinsa kyau nesa ba kusa ba. Ba wa mai jin harshen ya karanta da ƙarfi kafin a kai gidan rediyo ko wurin masu unguwanni.

6. Kada ka bar masa zaɓen wanda zai samu rumfar kasuwa ko tallafi. Kai wa magajin gari daftarin ya sa hannu, ka kuma sanar da shi yadda aka shirya shi.